Ɗana Fasto, Kafin Ka Sayi Fom



Labari ya iso mini cewa kana shirin komawa makarantar tauhidi neman digiri na biyu. Na yi murna, na kuma gode wa Ubangiji. Ikilisiyoyinmu na arewa suna bukatar makiyaya masu zurfin karatu, don matasan da ke zama a bencin baya ran Lahadi da yawansu sun gama jami'a, waya na hannunsu, kafin ka sauko daga bagade sun riga sun bincika abin da ka faɗa. Saboda haka ba ni da niyyar sanyaya maka gwiwa. Abu ɗaya nake roƙo: ka tafi a matsayin wanda ikilisiya ta aika, da saninta da albarkarta, da takardu masu tsabta a hannunka. Kada ka sulale.

Akwai tambayar da ba a rubuta a kan fom ba, amma ita ya kamata ka fara amsawa. Me ya sa yanzu? Na san fastocin da suka nemi karatu don an tura su ƙauyen da babu wuta babu hanyar mota. Na san waɗanda dattawan ikilisiya suka sa a gaba har suka rasa inda za su sa kansu. Akwai kuma wanda ya ji ana kiran abokin karatunsa Dakta a taron gunduma, abin ya tsaya masa a rai. Ba na raina ko ɗaya cikinsu, 'yan Adam ne kamar kowa. Sai dai makaranta ba ta maganin waɗannan abubuwa, rikicin da ka bari kuma zai jira ka har ka dawo. Amma in abin da ke tura ka shi ne tambayoyin da garke ke kawo maka kana rasa amsa, gwauruwar da dangin miji suka ƙwace wa gona, saurayin da ya ga an kashe ubansa yana tambayarka ma'anar gafara, to wannan dalili ne da zai riƙe ka a daren da Helenanci ya ƙi shiga kai, aljihu kuma ya bushe.

Ka tuna yadda makarantun nan suka samu. Kwalejin Tauhidi ta Arewacin Najeriya da ke Bukuru, wadda kowa ya sani da TCNN, ikilisiyoyin TEKAN ne suka haɗa hannu suka buɗe ta a 1959, Harry Boer ne shugabanta na farko. ECWA na da makarantun Igbaja da Kagoro tun zamanin mishan na SIM, ta kuma buɗe JETS a Jos a 1980. COCIN na da Gindiri, Ekklesiyar 'Yan'uwa na da Kulp a Kwarhi kusa da Mubi, LCCN na da Bronnum a Yola, Angilikan na da St. Francis a Wusasa, Baftis na da tasu a Kaduna. Ikilisiyoyi ne suka kafa su don su yi wa ikilisiyoyi aiki, da kuɗin mishan da baikon talakawa da mudun hatsin da zumuntar mata ta auna. Shi ya sa za ka ga fom yana neman wasiƙar shugabannin ikilisiyarka. Wasu matasa kan ɗauki wasiƙar nan kamar cika sharaɗi ne kawai, su bar ta sai ana gobe za a rufe karɓar fom, su bi sakataren gunduma har gida da dare don ya sa hannu. Ko ya sa, ka ɓata masa rai, kuma ka nuna masa cewa ka gama yanke shawara kafin ka zo.

Uwargida ce za ta fara ji, kuma daga bakinka za ta ji, ba daga bakin matar dattijo a bakin rijiya ba. Ita ce za ta bar gonarta ko shagonta ko ajin da take koyarwa ta bi ka ɗaki ɗaya a gidajen ɗalibai, ko kuwa ta zauna ita kaɗai da yara da zazzaɓinsu da kuɗin makarantarsu. Kowanne ta zaɓa nauyi ne, kuma sunanta ba zai fito a kan takardar ba. Ka ba ta lokaci ta yi tunani, ka bar ta ta faɗi tsoronta ba tare da ka rufe mata baki da aya ba. Makarantunmu da yawa suna da sashen karatu don matan ɗalibai, ka tambaya tun da wuri, don na ga gidajen da miji ya yi nisa a karatu ya bar matarsa a inda ya same ta, daga baya hirar dare ma ta gagare su. In ta ce a dakata shekara ɗaya, ka dakata. Makaranta ba za ta gudu ba.

Bayan ita sai dattawan majami'arka, sannan ka hau sama bisa tsarin ikilisiyarku har zuwa gunduma, a rubuce. Majalisun nan suna da lokutan zamansu, in ka makara da mako guda za ka iya jiran wata uku. Idan sun amince, ka roƙa cikin ladabi a shigar da shawarar cikin littafin rahoton taro, a kuma ba ka kwafi: za a ci gaba da biyan albashinka ko za a tsayar, iyalinka za su zauna a gidan fasto ko za su tashi, wa zai riƙe majami'a, nawa za su taimaka da shi a kowane zango, shekara nawa za ka yi musu hidima bayan ka dawo. Wannan ba rashin yarda ba ne. Shugabanni na canjawa da zaɓe, wanda ya yi maka alkawari da baki yau mai yiwuwa ba shi ke kan kujera ba baɗi, sabon kuwa abin da ya tarar a littafi shi zai bi. Kai ma in ka sa hannu cewa za ka dawo, ka dawo, ko da wata babbar majami'a a Abuja ta yi maka tayi.

Sai zaɓen makaranta, a nan kuma nake so ka buɗe ido. Amincewa da takarda iri biyu ce, mutane kuwa suna rikita su. Ta farko ta gwamnati ce. A Najeriya Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ita ke da ikon cewa wannan digiri ne a idon hukuma, makarantun tauhidi kuma sukan sami wannan ne ta hanyar jingina da wata jami'a, kamar yadda TCNN da JETS suka jingina da Jami'ar Jos. Ta biyu ita ce ta ACTEA, wadda aka kafa a 1976 don auna ingancin makarantun tauhidi na Afirka, kuma amincewarta na da nauyi in kana so ka ci gaba a wata makarantar tauhidi a waje. Abin lura shi ne, makaranta na iya jingina da jami'a a wasu darussa, wasu kuma nata ne na kanta. Kada ka tsaya ga abin da aka rubuta a allon bakin ƙofa. Ka shiga ofishin magatakarda ka yi tambaya kai tsaye: wannan digirin da nake nema, sunan wa zai fito a kan takardarsa? In hidimar ikilisiya kaɗai ka sa a gaba, takardar makarantar na iya isar ka. In kuwa kana tunanin koyar da darasin addinin Kirista a kwalejin ilimi ko jami'ar gwamnati, ko aikin fasto a barikin soja, amsar tambayar nan ita za ta buɗe maka ƙofa ko ta rufe.

Ka kuma nisanci masu hayar ɗaki biyu a saman shago, masu alkawarin digiri na biyu cikin wata shida da Dakta cikin shekara, da sunan wata jami'ar Amurka da babu wanda ya taɓa ganin gininta. NUC kan fitar da jerin sunayen makarantun bogi lokaci zuwa lokaci. Mai wa'azin gaskiya ba ya rataya takardar ƙarya a bangon ofishinsa.

Digirin ma ba iri ɗaya ba ne. M.Div. an tsara shi musamman don wanda digirinsa na farko a wani fanni ne, malamin lissafi ko ma'aikacin jinya da ya ji kira, kuma yakan ci shekara uku don daga tushe ake farawa. M.A. yakan ɗauki fanni guda, kamar aikin bishara, ilimin Kirista ko ba da shawara. M.Th. na wanda ya riga ya yi tauhidi ne, yana so ya nutsa cikin bincike, galibi da niyyar koyarwa ko neman digiri na uku. Wanda sakamakonsa na farko bai kai ba, ko HND ce a hannunsa, ana iya ce masa ya fara da babbar difloma ta PGD. In haka ta faɗo maka, kada ka ji kunya. Byang Kato, ɗan Kwoi, ya gama Igbaja yana magidanci ba shi da takardar sakandare, ya zauna ya yi karatun GCE ta wasiƙa yana cikin hidima, sannan hanya ta buɗe masa zuwa Landan, daga baya Dallas inda ya yi digiri na uku. An haife shi a 1936, ruwa ya ci shi kusa da Mombasa a Disamban 1975 yana da shekara 39, yana babban sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka. Shi ya dage cewa ɗan Afirka ya iya yin karatun tauhidi mai zurfi a gida, daga dagewar tasa aka sami ACTEA da manyan makarantun Bangui da Nairobi. Ƙofar da kake shirin ƙwanƙwasawa, irinsu ne suka gina ta.

Yanzu takardu. Wata safiya ka shimfiɗa tabarma ka baje su duka: ta firamare, ta WAEC ko NECO, difloma, digiri, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, katin NIN, takardar hidimar ƙasa ko ta yafewa. Ka duba ko kana da kiredit biyar har da Turanci, don darussan da ke jingine da jami'a ba sa ɗaga ƙafa a nan. Sannan ka karanta sunanka a kowace takarda harafi bayan harafi. Sunayenmu sukan yi yawo. A firamare an rubuta ka da sunan kakanka, a sakandare ka ƙara sunan baftisma, a wata takarda Yohanna ya koma John, a wata Ɗanjuma ya rage harafi ɗaya da ɗigo. Na taɓa zama a barandar wani ofishi kusa da wani dattijon fasto, furfura ta cika masa kai, ya zo rajista da akwatinsa da rabin buhun masara, aka ce ya koma saboda takardunsa biyu na ɗauke da shekarar haihuwa daban-daban. Bai yi ƙarya ba, wani malami ne ya ƙiyasta masa shekaru yana yaro. Ya zauna yana juya takardun a hannu, yana lissafin kuɗin motar komawa. Da ya duba a gida, rantsuwa a kotu da sanarwa a jarida sun isa su gyara. Gyara ta hanyar doka nake nufi. Rage shekaru ko taɓa sakamako, ko da harafi ɗaya ne, kada ya ko zo maka a rai.

Cikakken sakamakon darussanka, wanda ɗalibai ke kira tiranskirif, tsohuwar makarantarka ce za ta aika wa sabuwar kai tsaye, kuma shi ne abin da ya fi jinkirta mutane. Ka nema tun kafin a fara sayar da fom, ka ajiye rasit, ka riƙa bibiya da haƙuri da fara'a. Masu ba da shaida a kanka kuwa, ka zaɓi waɗanda suka san ka: malamin da ya duba rubutunka, faston da ka yi aiki a ƙarƙashinsa. Wasiƙar babban mutum da bai san ka ba, masu tantancewa na gane ta daga layin farko.

Za a ce ka rubuta labarin tubanka da kiranka. Ka rubuta da kanka, da Turancin da kake da shi. Kada ka ba yaron shagon kwamfuta ya tsara maka, kada ka sa na'ura ta rubuta, don ranar ganawa za su ɗora takardar a kan tebur su yi maka tambaya daga cikinta. In ba ka ga wahayi ba, kada ka ƙirƙiro. Kiran da ya zo a hankali, ta bakin dattawa da koyarwar makarantar Lahadi, kira ne cikakke. In an taɓa sa ka ƙarƙashin horon ikilisiya aka kuma tambaye ka, ka faɗi gaskiya, duniyar fastoci ƙarama ce. Jarrabawar shiga, inda ake yin ta, takan taɓa sanin Littafi Mai Tsarki da Turanci, kada ka ce kai fasto ne ka shiga ba shiri.

Abin da ya fi damuna shi ne batun bincike. Ɗalibai da yawa sukan isa makaranta hannu rabbana, su shiga laburare su ɗauko kundin wani, su canja sunan gari, su kai wa malami. Wannan sata ce, asara ce kuma, don ƙasar nan cike take da tambayoyin da ba a rubuta komai a kansu ba. A Oktoban 2014 Boko Haram ta mamaye hedikwatar 'Yan'uwa a Kwarhi, ɗalibai da malaman Kulp suka watse. Ikilisiyoyin da suka koma kan toka, yaya suke sujada, me suke koya wa 'ya'yansu game da maƙwabci? Jos ta ga rikicin 2001 da 2008 da 2010, unguwanni suka rabu, yara suka girma ba su taɓa cin abinci a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Mene ne aikin fasto a irin wannan gari? Akwai masu bi na ƙauyukan Kano da Katsina da tarihinsu ke cikin kawunan tsofaffi, tsofaffin kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Akwai gādon gwauraye, tsadar aure, tsoron maita da ke raba iyali, wa'azin arziki da ke cinye aljihun talaka. Ka zo da tambayarka daga garke, a rubuce cikin shafi biyu. Kafin ka biya kuɗin fom ka ziyarci makarantar, ka ga ko akwai malamin da ya san fannin, ka shiga laburare ka ga ko littattafan na nan. Ka karanta namu, irin su Yusufu Turaki da Samuel Waje Kunhiyop, kafin ka ɗauka cewa sai Bature ne ya yi tunani a kan matsalarmu. In ka je Bukuru, shagon littattafai na ACTS na nan a harabar TCNN.

Game da harsunan asali, kada ka bari a tsorata ka. Helenanci haruffa 24 ne, Ibrananci 22, ana kuma rubuta shi daga dama zuwa hagu yadda ake rubuta ajami. Ka haddace haruffan tun kana gida, rabin sa'a kowace safiya, za ka shiga aji da ƙarfin zuciya. Tsorona ya fi karkata ga wani wuri. Da Turanci za a koyar da kai, da Turanci za ka rubuta, amma tsohuwar da ke zama a layin gaba da Hausa take jin Allah. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa tun 1932, har yau kuwa littattafan tauhidi masu zurfi da Hausa ba su taka kara sun karya ba. Ka ɗaura wa kanka al'ada: duk abin da ka koya cikin mako, ran Asabar ka zauna ka bayyana wa uwargida da Hausa. In ka kasa, ba ka gama fahimtarsa ba tukuna.

Kuɗi kuwa, ka san misalin mai gina hasumiya a Luka sura 14. Ka ɗauki biro. Kuɗin makaranta shi ne ƙarami a lissafin. Akwai ɗaki, abinci, littattafai, data, makarantar yara, asibiti, tafiye-tafiyen bincike, buga kundi da ɗinke shi, da bikin yaye ɗalibai a ƙarshe. Ka lissafa har zangon ƙarshe, ka ƙara wani abu don farashi ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kada ka sayar da gonar gado saboda alkawarin da wani attajiri ya yi maka a bakin majami'a. In lissafin bai fita ba, ka tambayi karatun hutu, wanda ake zuwa na 'yan makonni a koma bakin aiki. Ya fi ɗaukar lokaci, amma iyali ba sa kwana da yunwa.

In Allah ya sa sunanka ya fito, ka karanta wasiƙar shiga har ƙarshe, don akwai ranar da za ka nuna ka karɓa, akwai kuma tarar makara. Yawancin rajista yanzu ta intanet ake farawa. Ka yi amfani da adireshin imel naka da lambar wayarka, kalmar sirri kuma ta zauna a wurinka. Ka biya cikin asusun makaranta kaɗai, duk wanda ya turo maka asusun kansa yana cewa zai taimaka maka ka yi nesa da shi. Ka tafi da takardun asali da kwafinsu da hotunan fasfo, kowane rasit ka yi masa kwafi ka adana har ranar da za ka karɓi takardarka, don ranar sallama za a neme su. Kafin ka cika fom ɗin darussa ka zauna da malamin da aka ba ka ya yi maka jagora, kada ka kwashi kaya fiye da ƙarfinka a zangon farko. A layin ofishin kuɗi kuwa, yaron da ke bayan tebur mai yiwuwa sa'an ɗanka ne. Ka bi layi, ka gaishe shi, ka ajiye Rabaran a aljihu. In Filato za ka, ka sa bargo da rigunan sanyi na yara cikin kaya, hunturun Bukuru ba na wasa ba ne.

Duk abin da na faɗa ya shafi 'yan'uwanka mata da ke neman wannan karatu, in ka san wata mai baiwa ka ƙarfafa ta. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram masu takardun Faransanci kuma su fara da fassara su a hukumance, su ba Turanci lokacinsa kafin su ƙetaro.

Ka zauna da uwargida cikin makon nan. In kun daidaita, ka rubuta wasiƙar neman izini ka kawo mini in duba kafin ta tafi gunduma, ka kuma haɗo da takardunka duka mu karanta sunayen tare. Ubangiji ya bishe ka. Ka gai da yara.